Jan ganɗa a ƙarƙashin haƙoran roba: shekara guda tsakanin madara, laktoferin da maganin likita

## Kafin abun ya fara

Mace ce mai shekara 64 da fangas ya kama mata baki. Haƙoranta na sama duk sun zube tun shekara bakwai baya, aka yi mata na roba, irin mai faranti ɗin nan da yake rufe ganɗa gaba ɗaya, na ƙasa kuma nata ne na asali, saura tara. Tun ranar da aka saka mata ba ta koma an duba su ba, kuma da su take kwana, dan ita a wajenta cire haƙori a ajiye a kofi abun kunya ne ko a gaban mijinta, balle jikoki su gani. Gogewa kam tana yi safe da dare, amma a cikin baki take goge su da buroshi da man goge baki kamar sauran haƙora, kenan cikin farantin da yake manne da nama kusan ba ya ganin buroshi.

Tana da ciwon suga shekara tara, tana shan metfomin, gwaji kuma sai in ta tuna. Akwai kuma amitiriftilin miligiram 25 da take sha da dare saboda zugin tafin ƙafa, an ɗora ta a kai wata goma kafin wannan lamarin. Sanannen halin wannan maganin shi ne busar da baki, kuma ya busar mata, tana farkawa cikin dare harshe ya manne sai ta kurɓi ruwa, ita dai ta bar shi a kan tsufa ne.

Ɗiyarta ce ke kula da magungunanta, kuma mai rubuce-rubuce ce, duk abun da aka gwada sai ta shigar a waya tare da hoton bakin, shi ya sa ake iya bin lamarin mako-mako.

Ƙwayar da ta jawo matsalar sunanta kandida, dangin fangas ce, 'yar uwar masu kawo makero da ƙyasbi ta nesa. Ba baƙuwa ba ce a baki, tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na masu lafiya ƙalau suna ɗauke da ita ba su sani ba. Yawu ne da sauran ƙwayoyin baki suke taka mata birki.

## Mako na 1 zuwa na 4: raɗaɗi, sai kuma fari

Da raɗaɗi ya fara, a harshe da saman baki, musamman in abinci yana da zafi ko yaji. Ɗanɗano ya canza, komai ta ci sai ta ji kamar ta tsotsi ƙarfe. A mako na 2 gefen bakinta biyu suka tsage, in ta buɗe baki sosai sai jini ya ɗan tsatso. Ta yi kurkurar ruwan gishiri kwana goma, jiya-i-yau.

A mako na 3 aka karɓo mata amoksisilin a wani kemis, miligiram 500 sau uku a rana na kwana biyar, kuma wanda ya bayar bai ga bakin ba ma, bayani kawai aka yi masa. Kwana uku da gama shan maganin sai ga fari-fari a harshe da cikin kumatu, in an goge da auduga yana fita, ƙasansa ja yana zafi. Amoksisilin bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa fangas ko kaɗan, to da ya rage bakteriyar da suke gogayya da kandida a baki sai fili ya zama nata.

## Mako na 5 zuwa na 9: madara da yogot

Nan ne madara ta shigo. Ɗiyar ta ci karo da bidiyoyi a intanet masu cewa furotin ɗin madara yana kashe fangas ba tare da illar maganin asibiti ba, har ana ambato wani abu wai shi laktoferin. Ta tsara ma mahaifiyar kurkura da rabin kofin madara mai sanyi sau uku a rana, sannan cokali ɗaya na yogot a riƙe a baki minti biyu kafin a haɗiye.

"Mama ki daure ki riƙe, kar ki yi saurin haɗiyewa."

"Ai wannan ba sai kin roƙe ni ba, yana sanyaya min."

Kuma da gaske yana sanyayawa. Raɗaɗin yana lafawa kamar minti ashirin zuwa talatin, daga nan ya dawo. Farin bai ragu ba a hotunan mako biyar ɗin, tsagar gefen baki tana nan, wari ya ƙaru. Madarar irin ta kwali ce mai daɗewa ba ta lalace ba, yogot ɗin kuma mai suga ne dan ta ƙi shan mai tsami, sannan duk kurkurar nan da haƙoran a baki ake yi, abun da ya shige ƙarƙashin faranti can yake kwana. Sugan jininta na safe da yake yawo wajen 8 ya haura yana taɓa 10 a ma'aunin milimol.

Lissafin madarar shanu ga shi. Lita ɗaya tana da furotin wajen giram 33, kusan kashi 80 cikin ɗari kasin ne, wato wanda yake dunƙulewa in madara ta tsinke, sauran kashi 20 suna cikin ruwan da yake warewa. Laktoferin a cikin wannan ruwan yake, kuma ɗan mitsitsi ne, kamar giram 0.1 zuwa 0.2 a lita. Nonon uwa ya fi shi nesa ba kusa ba, giram 1 zuwa 2 a lita, dakashin farko na bayan haihuwa ma yana kaiwa wajen giram 7. Ga kuma batun wuta. Madarar da aka dafa a digiri 72 na daƙiƙa 15 tana riƙe mafi yawan laktoferin ɗinta, amma ta kwali mai daɗewa sai an kai ta digiri 135 ko sama, a wannan zafin furotin ɗin yana lauyewa ya rasa yawancin aikinsa. Sugan madara na asali, laktos, ita kandida albikans ba ta iya cinsa, amma sugan da ake zubawa a yogot abincinta ne kai tsaye.

A mako na 8 wata ta ba da shawarar a nemo ɗanyar madara wadda ba ta ga wuta ba tunda ita ce furotin ɗinta yake da rai. Ɗiyar ta ƙi. Ɗanyar madara tana iya ɗauko burusela da tarin fuka na shanu da listeriya, ga tsohuwa mai suga wannan kasada ce babba.

## Mako na 10 zuwa na 15: kafson laktoferin

Da madara ta ƙi, ɗiyar ba ta saki maganar ba, sai ta ce to a nemo shi kansa sinadarin. Aka sayo kafso na laktoferin ɗin shanu, miligiram 250, sau biyu a rana, wato 500 kullum, abun da sai an sha lita biyu da rabi zuwa biyar na madara kafin a tara shi. In ka buɗe kafson garin ba fari ba ne, yana da ɗan ja-ja mai haske, ayon, wato sinadarin ƙarfe, da ke manne da shi ne ya ba shi wannan launin. A rana guda aka daina yogot mai suga da kurkurar madara.

Shi laktoferin ba sabon abu ba ne a wajen masana. A 1939 wasu masu bincike biyu a Denmak suka fara lura da wani jan furotin a madarar shanu, a 1960 aka ware shi tsantsa daga nonon mutum da na saniya. Ba a madara kaɗai yake ba, yana cikin yawu da hawaye da majina da fararen ƙwayoyin jini. Aikinsa na farko kama ayon ne, kowane ɗaya yana riƙe biyu ƙam, fangas kuma ba ta girma sai da ayon, kenan yunwa yake sa mata. Na biyu, a 1992 masu bincike a Jafan suka nuna cewa in ruwan ciki ya narka shi wani guntu yana ɓallewa, laktoferisin, shi wannan manne wa bangon ƙwayar cuta yake ya huda shi. A cikin kwalbar gwaji an sha nuna cewa in an haɗa laktoferin da fulkonazol, wani maganin fangas na asibiti, yawan maganin da ake buƙata dan tsayar da kandida yana raguwa, har da wasu nau'ikan da suka fara daina jin maganin. A 2003 kuma aka ba ɓeraye masu kandidar baki shi a ruwan sha, harshensu ya samu sauƙi. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta amince a 2012 cewa laktoferin ɗin shanu ba shi da haɗari a abinci, amma fa a matsayin abinci, ba lasisin magani ba ne.

Abun da aka gani a mako shida: farin harshe ya ɗan ragu daga mako na 12, kamar kwata ko sulusi in ka jera hotunan, warin ya ragu, tsagar gefen baki ba ta motsa ba, raɗaɗi yana nan. Babu wata illa da ta ji daga kafson. Amma cin abinci ya zama aiki, ta rame, sikeli ya nuna kilo uku sun tafi.

A ƙarshen mako na 15 ɗiyar ta matsa sai an cire haƙoran ta haska da fitilar waya, wanda duk wata huɗun nan ba a taɓa yi ba, harshe da kumatu kawai ake ɗauka. Ganɗar ja ce jawur, tana sheƙi, kuma jan ya tsaya daidai inda farantin ya tsaya, layi sak kamar an zana da biro, bayan layin nama lafiyayye. Cikin farantin kuma akwai wani yauƙi mai ruwan ƙwai da farce yake kankarowa.

## Mako na 16: likitan haƙori

Likitan ya kira shi kumburin ƙarƙashin haƙoran roba, mataki na biyu a rabon da wani masani mai suna Newton ya yi tun 1962, na farko ɗigo-ɗigon ja ne, na biyu ja ya mamaye duk inda faranti ya rufe, na uku naman ya fara tsiro ƙuraje-ƙuraje. Ya shafo auduga a ganɗa, ya shafo wata a cikin farantin, aka kai ɗakin gwaji. Dukkansu sun tsiro da kandida albikans, amma na farantin ya fi yawa sosai.

Ya ba ta kofi ta zauna minti 15 tana tara yawu ba tare da tauna komai ba. Mililita 1.2 aka samu, wato 0.08 a minti. Mai lafiya yana ba da 0.3 zuwa 0.4, duk abun da ya gaza 0.1 ana lissafa shi ƙarancin yawu. Gwajin sugan wata uku ya fito kashi 8.9, alhali wajen 7 ake so mai irin ciwonta ya tsaya. An duba ayon da bitamin B12, dan ƙarancinsu yana tsaga gefen baki kuma metfomin yana rage B12 in an daɗe a kai, duka lafiya.

Ya rubuta maganin fangas, nistatin na ruwa, mililita ɗaya sau huɗu a rana bayan abinci, kwana 14, a cire haƙoran kafin a ɗiga, a juya shi a baki a daɗe kafin a haɗiye. Ɗiyar ta nuna masa robar kafson.

"Likita wannan fa, a ci gaba?"

"In dai Mama ba ta da alajin madara ba zai yi mata komai ba. Ni dai abun da nake roƙo, Mama, haƙoran nan su kwana a waje."

Kafson ya ƙare a wannan makon, ba a sake saya ba.

## Mako na 17 zuwa na 22: ya tafi, ya dawo

Kwana goma da fara nistatin farin ya ɓace gaba ɗaya, abun da mako 11 na madara da kafso ba su yi ba. Jan ganɗa ya koma ruwan hoda, ta fara cin abinci sosai, gefen baki ɗaya ya warke. Aka gama magani kowa ya saki jiki.

Mako uku bayan nan raɗaɗi ya dawo, aka ɗaga faranti, ja ya koma yadda yake. Da aka bi diddigi sai aka gano abu biyu. Tana cirewa a gaban ɗiyar ta saka a kofi, in an kashe fitila ta laluba ta mayar, wai ba ta iya barci baki a lotse. Sannan ko sa'o'in da suke yi a kofin, ruwa zalla ne a ciki.

Robar da ake yin farantin da ita a ido sumul take, amma tana da ƙananan ramuka, kuma shekara bakwai na man goge baki mai gurza ya ƙara mata kartsi. Kandida tana shiga nan ta yi wa kanta rufi da wani yauƙi da take fitarwa, ƙwayoyin da ke cikin wannan rufin kuma maganin da zai kashe 'yan uwansu na fili ba ya isarsu sai an ninka shi sau da yawa. Nistatin ya share naman, farantin ya sake shuka masa. Kamar mutum ya yi wanka ne ya mayar da rigar da ya tuɓe. Ƙarƙashin farantin kuma wuri ne mai ɗumi da ko ɗan yawun da take da shi ba ya ratsawa.

## Mako na 23 zuwa na 30: zagaye na biyu

Wannan karon likitan bai fara da takardar magani ba, da ita ya fara, ya zauna ya yi mata bayani. Abun da ya shige ta ba maganar fangas ba ce ma, wani bincike ne da aka buga a 2015 a kan tsofaffi 'yan shekara 85 zuwa sama a Jafan, inda aka ga masu kwana da haƙoran roba haɗarin kamuwarsu da ciwon huhu ya ninka biyu. Ta ce to ita ba ta kai 85 ba, amma daga wannan daren kofin a ɗakin ɗiyar yake kwana, awa takwas ko fiye.

Wanki ya canza. A cire, a goge ciki da waje da buroshi mai laushi da sabulun ruwa, ban da man goge baki, sannan a jiƙa minti 10 a bilic da aka sirka ya koma kashi 0.5 cikin ɗari, a ɗauraye sosai. Ya halatta ne dan nata babu ƙarfe a jiki, mai ƙarfe bilic cinye shi yake, irin wannan sai dai kulohekzidin, wani ruwan kurkurar baki mai kashe ƙwayoyin cuta. Kuma minti goman kar a wuce, robar tana koɗewa.

Magani kuma mikonazol na shafawa aka ba ta, a ganɗa da gefen baki da cikin farantin kansa kafin ta saka, sau huɗu a rana, a ci gaba kwana bakwai bayan komai ya warke. Sai da ya tambaya sau biyu ko tana shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, dan mikonazol ko na baki ne yana shiga jini, haɗuwarsa da wafarin tana jawo zubar jini mai tsanani. Ba ta sha. Fulkonazol na haɗiya ya ajiye shi gefe saboda yana ɗaga yawan amitiriftilin a jini.

Likitanta na suga ya rage amitiriftilin zuwa miligiram 10 a hankali, daga baya ya canza mata wani. Bayan ta gama mikonazol ya ƙara mata maganin suga na biyu, kuma ya kauce ma rukunin nan masu fitar da suga ta fitsari dan su an san suna jawo kandida a al'aura.

Sai furotin ɗin madara ya sake dawowa, ta wata ƙofar. Likitan haƙorin ya ba ta jel na masu bushewar baki, ta shafa a harshe da kumatu da dare da kuma in ta farka. A jikin kwalin an jera laktoferin da laktoferoksidas da laisozayim, biyun farko daga madarar shanu ake cirowa, na ukun yawanci daga farin ƙwai. Dukkan ukun akwai irinsu a yawun mutum, kenan jel ɗin kwaikwayon abun da bakinta ya rasa yake yi. Laktoferoksidas shi kaɗai ba ya kashe komai, sai ya samu wasu sinadarai biyu, tayosayanet da ɗan haidurojin feroksaid, ya haɗa su ya fitar da wani sinadari mai hana ƙwayoyin cuta numfashi. Wannan dabarar ma tun 1991 hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta amince a riƙa amfani da ita wajen hana ɗanyar madara lalacewa a hanya a inda babu firji.

Mako na 25 fari da raɗaɗi sun tafi. Mako na 27 gefen baki biyu sun rufe. Mako na 30, da naman ya sace ya koma daidai, aka auna mata sabbin haƙora dan tsofaffin sun yi sako-sako, dasashi ya motse a shekara bakwai, kuma gogar da suke yi ma tana cikin abun da ke ji ma ganɗar ciwo.

## Mako na 31 zuwa na 52

Mako na 36 jel ya ƙare, ba a samu saya ba har mako biyar. Bushewar dare ta ɗan dawo, tana farkawa shan ruwa, amma da aka duba ganɗa babu ja, babu fari. Aka ci gaba da shi a mako na 41 dan ita ta nema.

Mako na 40 sugan wata uku ya sauko 7.4, yawu ya hau 0.2 a minti, bai kai na mai lafiya ba amma ya fita daga layin ƙaranci. Kilo ukun sun dawo.

Mako na 45 ta yi ciwon mafitsara aka ba ta antibayotik kwana bakwai, wannan karon likita ne ya rubuta bayan gwaji. Kwana huɗu da gamawa fari ya ɗan fito a bayan harshe, kuma tana kan jel ɗin kullum a lokacin. Nistatin na kwana bakwai ya share shi, ganɗa ba ta taɓu ba. Mako na 52 aka sake shafa auduga, kandida kaɗan ce ta tsiro, irin adadin da ake samu a bakin da ba shi da ciwo.

## Abun da ya yi aiki, da dalili

Madara da yogot ba su yi komai ba sai sanyayawa, kuma in an duba lissafin ba abun mamaki ba ne, rabin kofin madarar kwali laktoferin ɗin da ke ciki bai wuce miligiram 25 ba tun kafin a cire wanda wuta ta lalata. Yogot mai suga kam ɓarna ya yi, ta baki da ta jini.

Kafson ya fi wuyar yanke ma hukunci. An ga ɗan sauƙi, amma ranar da aka fara shi ita ce ranar da aka daina zuba suga a bakin sau uku a rana, to wa za a ba lada? Ni na fi karkata ga daina sugan. Kafso haɗiye shi ake, ciki yake sauka, ita kuma cutar tana manne a roba a saman baki. Kuma abun da ya faru da ita ya yi kama da abun da aka samu a gwajin mutane. A 2000 an gwada a Jafan a kan masu fangas ɗin tsakanin yatsun ƙafa, miligiram 600 ko 2,000 kullum na mako takwas, fatar wasu ta ɗan yi kyau amma babu ko mutum ɗaya da fangas ɗin ya mutu a ƙafarsa. A Italiya a 2009 an ba bakwaini ƙanana sosai, su 472 a gwajin, aka ga cutar jini ta ragu har da ta fangas, duniya ta ɗauka an dace, sai babban gwajin Birtaniya na 2019 mai jarirai 2,203 ya zo bai ga wani bambanci a kamuwa da cuta ba. Duk mai tallan laktoferin zai gaya maka na Italiya, da wuya ka ji na Birtaniya a bakinsa.

Nistatin da mikonazol su ne suka kashe fangas ɗin, kwana bakwai zuwa mako biyu kowane karo. Amma zagayen farko ya nuna su ma ba sa riƙe nasara in faranti yana nan da yauƙinsa. Bambancin zagaye na biyu shi ne kwanan haƙora a waje, bilic, sabon faranti, raguwar suga da dawowar yawu, kuma da za a ce in zaɓi ɗaya zan ce kofin da ya koma ɗakin ɗiyar.

Jel mai furotin ɗin madara shi ne wurin da madarar ta samu gurbi na gaskiya a wannan lamarin, kuma gurbin ƙarami ne. Ya sauƙaƙa bushewa, ya sa ta iya barci babu haƙora a baki, wanda shi kansa taimako ne babba tunda rashin barcin ne ya karya zagayen farko. Amma mako biyar babu shi cuta ba ta dawo ba, kuma da shi ɗin a baki ta dawo bayan antibayotik. Ko furotin ɗin ne ke aikin ko danshin jel ɗin kawai, mutum ɗaya ba ya isa a raba wannan gardamar.

Asarar da ta fi ita ce mako 15 da aka yi ba wanda ya ɗaga farantin. A ita abun ya tsaya a kan kandida da kilo uku. A wani kuma farin baki da ya ƙi tafiya yana iya zama alamar farko ta suga da ba a gano ba, ko raunin garkuwar jiki irin na HIV. In farin ba ya gogewa da auduga, ko akwai gyambo da ya wuce mako uku bai warke ba, ko haɗiya ta fara zafi, wannan ba na gwaje-gwajen gida ba ne, dan akwai ciwon dajin baki da yake farawa a haka kuma kandida tana iya gangarawa maƙoshi. Mai alajin furotin ɗin madara kuma, da kafson da jel ɗin duk ba nasa ba ne.

Yanzu tana shafa jel ɗin da dare, ba ta shan kafso, kuma an ba ta ranar komawa duba ganɗa da sabbin haƙoran bayan wata shida.